Bakin tekun Legas: wurin sharholiya ne ko kasuwa ce?

Tambaya: Wata Hajiya mai gidan abinci a Agege ta ce babban ɗanta ya dame ta da ta ba shi jari ya kafa rumfar tsire da gasasshen kifi a wani wurin shaƙatawa na bakin teku a yankin Lekki. Maigidanta ya ƙi. Ya ce wurin 'yan sharholiya ne, ƙasa ba ta ƙaruwa da komai a can, kuma in gwamnati ba ta rushe rumfar ba teku zai cinye ta. Tana so ta san su wa ke zuwa wuraren nan, yaya halinsu yake, da gaske ne akwai kuɗin da ya kai a yi maganar tattalin arzikin ƙasa, kuma iyalin mutunci za su iya taka wurin?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na daɗe ina aikin otal da wuraren shaƙatawa a garin nan, tun daga kula da sito har zuwa lissafin kuɗin ƙofa, kuma zan gaya miki kai tsaye cewa maganar Alhaji ta rushewa da ta teku gaskiya ce, zan zo kanta. Inda ban bi shi ba shi ne cewar da ya yi ƙasa ba ta ƙaruwa da komai.

Da yawa cikinmu in an ce yawon buɗe ido, Bature ne ke faɗo mana a rai, da gajeren wando da kyamara a wuya. A Legas ba shi ne mai riƙe da kasuwar ba. Waɗanda ke cika Elegushi da Oniru da Eleko da Tarkwa Bay mutanen gari ne, daga Surulere da Ikorodu da Agege ɗin nan taku, su zo da rana su koma gida su kwana. Daga Litinin zuwa Alhamis za ki iya ƙirga mutanen da ke wasu wuraren da yatsu. Asabar da Lahadi bayan azahar ne ake ciniki, sai kuma ranakun da ake jira shekara guda: washegarin sallah ƙarama da babba, Litinin ɗin Ista, 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. In damina ta kankama, daga Yuni zuwa wajen Satumba, teku kan yi fushi, ciniki ya ja baya.

Kowane rukuni da yadda yake fitar da kuɗi. Mai iyali yakan zo da kular dafa-duka daga gida, shi ya sa wurare da yawa ke cajin kuɗi a kan abincin da aka shigo da shi. Abin da zai saya a ciki bai wuce hayar rumfa, kwakwa, tsire da hawan doki na yara ba, kuma kafin magariba ya tattara. Samari da 'yammata su ne na yamma zuwa dare, kuɗinsu na tafiya ne a kiɗa da abin sha da duk abin da zai yi kyau a hoto. Na ga rumfar da abincinta bai kai na maƙwabciyarta daɗi ba amma ta fi ta ciniki, don kawai mai ita ya rataya lilo a jikin bishiyar kwakwa, kowa na son ya hau a ɗauke shi ya sa a Instagram. Akwai kamfanonin da ke kawo ma'aikatansu hutun ƙarshen shekara, akwai masu hoton kafin biki, akwai masu fararen kaya na coci da ke zuwa addu'a da asuba, waɗanda ba sa sayen komai. Sai kuma 'yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka da Kanada da ke dawowa a Disamba, lokacin shagalin da ake kira Detty December. Su ne masu ɗaukar jirgin ruwa mai inji zuwa gidajen haya na Ilashe, kuma su ne ba sa tsayawa taya farashi.

A wajen masu sana'ar, baƙo iri biyu ne kawai: wanda ya yini da wanda ya kwana. Wanda ya kwana ya biya ɗaki, ya ci abinci sau uku, ya ba da wanki, ya hau mota, gobe ma ya sake. Abin da yake bari ya ninka na mai yini sau da yawa. Raunin Legas ke nan. Jihar tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 180 daga Badagry zuwa bayan Lekki, cikin kusan kilomita 850 na ƙasar gaba ɗaya, amma wuraren da mutum zai kwana uku da iyalinsa a bakin ruwa cikin kwanciyar hankali, irin La Campagne Tropicana a Ibeju-Lekki ko Whispering Palms a wajen Badagry, ba su da yawa.

To ina kuɗin ke zuwa? Ki ɗauki tsinken tsire guda da aka saya a Elegushi. Naman daga mayankar Oko-Oba ya fito, nan bayan gidanku, saniyar kuma daga Arewa aka ɗoro ta a tirela. Albasar da tumatirin daga Mile 12 aka sayo su, wataƙila albasar ta Aliero ce. Ƙuli-ƙulin yajin, gawayin, da yaron da ke fifita wuta duk da wanda ya ci a ciki. Dawakin da yara ke hawa, galibin masu jan su 'yan Arewa ne, kuma akwai mai kawo musu dusa da harawa. Masu gadi, masu shayi a bakin ƙofa, 'yan canji, masu sayar da jakunkunan fata da tsakiya a kasuwar kayan hannu ta Lekki, duk namu ne a ciki. In Alhaji ya bi sawun kuɗin nan zai same su ana tura su ta POS zuwa Daura da Illela da Gaidam ranar Litinin da safe. Mahaƙar mai na iya samar da biliyoyi da ma'aikata 'yan ɗaruruwa. Wannan harka kuwa kuɗinta ba su kai na mai ba ko kusa, amma hannun da suke bi ta ciki ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma tana ɗaukar wanda ba shi da takardar makaranta.

Gwamnati ma tana da rabonta. Tun 2009 jihar Legas ke da dokar harajin kashi 5 cikin 100 a kan ɗakin otal da abinci da abin sha da aka saya a irin waɗannan wurare, ga harajin VAT na tarayya da ya koma kashi 7.5 a 2020, ga harajin albashin ma'aikata. Lokacin da ake taƙaddamar rushe Landmark Beach, wani babban wurin shaƙatawa a Victoria Island, a 2024, kamfanin da ke da wurin ya ce sana'o'i sama da 80 ne ke zaune a wurin, da ma'aikata kusan 4,000. Ko an rage wa adadin wani abu saboda mai kuka ne ya faɗe shi, wuri guda ne ake magana. Bayan shagalin Disambar 2024 kuma jami'an jihar sun ba da adadin dala miliyan 71.6 a matsayin abin da otal-otal da gidajen haya na kwana kaɗan da wuraren nishaɗi suka samu. Ba duka na bakin teku ba ne, amma teku na cikin abin da ke jawo mutanen.

Akwai wata riba da ba a cika lissafa ta ba, wato dalar da ba ta fita ba. Kafin a saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, mai matsakaicin hali a Legas kan tara kuɗi ya kai iyalinsa Dubai ko Zanzibar ko ma Kwatano. Da dala ta yi tashin gwauron zabi, da yawansu sun koma neman inda za su huta a gida. Duk wanda ya kashe kuɗin hutunsa a Ibeju-Lekki maimakon Dubai, bai je ya matsa wa kasuwar canji ba.

Kada dai mu yi ƙari. Akwai ƙasashen da bakin teku shi ne gonarsu. A Kef Bade yawon buɗe ido ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arziki. A Gambiya, in an haɗa da sana'o'in da ke rataye da shi, ana maganar kusan kashi ɗaya cikin biyar. Maroko ta karɓi baƙi sama da miliyan 17 a 2024. Najeriya ba ta cikin wannan sahu, kuma ban ga ranar da za ta shiga ba nan kusa, ga wahalar biza, ga tsadar jirgi, ga labarin tsaro da ke riga mu isa ko'ina. Sai dai dogaro da baƙon waje yana da nasa ciwon. Da kamfanin yawon buɗe ido na Ingila, Thomas Cook, ya durƙushe a Satumban 2019, otal-otal ɗin Gambiya sun shiga tasku, domin shi ke kawo musu kaso mai tsoka na baƙinsu. Da aka tarwatsa jirgin Rasha da ya taso daga Sharm el-Sheikh a Oktoban 2015, mutum 224 suka mutu, Rasha ta dakatar da jiragenta zuwa wuraren shaƙatawar Masar har zuwa 2021. Sannan a irin waɗannan ƙasashe baƙo kan biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun yana ƙasarsu, ga kamfanin ƙasarsu, abin da ke sauka hannun ɗan gari kaɗan ne. Legas kuwa tana zaune a kan kasuwarta, mutum wajen miliyan 20 da ba sa bukatar biza kafin su ga teku. A ganina wannan ya fi Turawa miliyan guda daraja, in an san yadda za a riƙe su su riƙa dawowa.

Yanzu ga gaskiyar Alhaji. Duk wanda ya zo Ikko kafin shekarun 2000 ya san Bar Beach, inda ake zuwa yawon sallah, inda kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970. Yau babu shi. Asalin matsalar tsohuwa ce. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanya. To a gaɓarmu igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Katangun suka tare shi, ɓangaren Tarkwa Bay ya riƙa tara yashi, ɓangaren Bar Beach ya riƙa rasawa, har teku ya ci fiye da kilomita guda ya fara hawa titin Ahmadu Bello. Maganin da aka yi shi ne cike wurin da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic, da katangar da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5. Victoria Island ta tsira, amma talaka ya rasa bakin tekun da yake shiga kusan kyauta. Zaizayar kuma ba ta tsaya ba. Ambaliyar teku ta kashe mutane a Kuramo a Agustan 2012, kuma a Alpha Beach da Okun-Ajah ruwa ya ci gidaje da rumfuna da bishiyoyin kwakwa. Mutanen yankin na ɗora laifin a kan sabon birnin da masu haƙar yashi, kamfanin da ke gina birnin na musantawa.

Maganar ƙasa ta fi ta ruwa saurin kisa. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka kori mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai, cikinsu har da masu ƙananan masaukai da masu koyar da wasan igiyar ruwa. A ƙarshen Afrilun 2024 katafila ta shiga Landmark Beach don buɗe hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kusan kilomita 700. Ba ina cewa hanyar ba ta da amfani ba. Abin da nake cewa shi ne duk mai kuɗin da ke tunanin gina otal mai ɗaki ɗari biyu a bakin ruwa ya ga abin da ya faru da wanda ya fi shi ƙarfi, ya mayar da kuɗinsa aljihu. Shi ya sa kike ganin gora da bunu da katako ko'ina. Suna da kyau a hoto, amma ainihin dalilin shi ne ba wanda ke son zuba siminti a inda bai san gobe ba. Ga kuma matatar Dangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, waɗanda tirelolinsu ke raba hanyar Lekki zuwa Epe da masu zuwa hutu. Mutumin da ya yi awa huɗu a cunkoso da yara a mota ba zai yi marmarin komawa ba sai baɗi.

Halin baƙi kuwa, abin da ya fi damuna shi ne raina teku, kuma 'yan'uwanmu na cikin masu yi. Yaro ya iya iyo a kududdufi ko a madatsar Tiga, sai ya ɗauka ruwa duk ruwa ne. Tekun Legas buɗaɗɗe ne, igiyarsa na zuwa da ƙarfi, kuma ƙasan na zurfafa nan da nan. Ruwan da igiya ta watso gaɓa yana neman hanyar komawa, sai ya taru a wani siririn wuri ya koma ciki da gudu. Wurin nan shi ne yake kama da ya fi ko'ina lafawa, babu kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu, shi ya sa mai tsoro ke zaɓarsa. In ya ja mutum, sai ya yi ta kokawar dawowa gaɓa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Abin yi shi ne ya bar kokawa, ya yi iyo a gicciye, gefen dama ko hagu, har ya fita daga jan, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Wanda bai iya iyo sosai ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. A Agustan 2022 wasu ɗalibai huɗu suka nutse a Elegushi, sun je murnar jarrabawa. Wanda ya sha giya ya shiga ruwa kuwa ba sai an faɗa ba. Haka jirgin ruwa: LASWA, hukumar kula da sufurin ruwa ta jihar, ta wajabta rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare, amma fasinja ne da kansa zai ce rigar ta yi datti ba zai sa ba. Jirgin da ya kife tsakanin Mile 2 da Ibeshe a Yulin 2022, ana shirin babbar sallah, da dare ya taso, kuma mutane fiye da goma suka rasu.

Sai shara. Ki je washegarin 1 ga Janairu da safe ki ga ledar fiya wata da robobi da fasassun kwalabe a cikin yashin da yara za su taka. Gaskiya ba duka baƙi suka zubar ba, da yawa daga kwatocin gari suke bi ta tafkin Legas teku ya dawo mana da su. Jihar ta haramta farar robar zuba abinci a Janairun 2024, ɗanki ya sani tun yanzu. Akwai kuma ɗaukar hoton matan mutane ba da izini ba, wanda ke jawo faɗa kusan kowane mako. Masu dawaki ma ina da magana da su: doki mai gyambo a baya, yana aiki tun safe ba ruwa, baƙo ya ɗauke shi a waya ya watsa, kasuwar kowa ce ta lalace.

Masu wurin su ma ba a bar su a baya ba. A biya kuɗin ƙofa, a biya na fakin, wani ya taso ya ce shi ne mai kula da motar, wani ya ce kujerar da aka zauna tasa ce, kifin da aka ce dubu goma ya koma ashirin bayan an ci. Wanda aka yi wa haka ba ya dawowa, kuma kafin ya isa gida ya rubuta a intanet. Tunda kasuwar Legas ta masu dawowa ce, kowace irin wannan cuta ciniki ne na shekaru aka sayar a kan na yini guda.

Game da mutunci, akwai sharholiya, ba zan ɓoye miki ba, musamman da dare a wuraren kiɗa. Amma wuri guda kan zama gari biyu tsakanin hantsi da bayan isha'i. Iyali su je da safe su taso bayan la'asar, su zaɓi wuri mai shinge da masu ceto, su tambayi wurin alwala da sallah tun a ƙofa. Eleko da ɓangaren Badagry sun fi natsuwa, kuma a Badagry yara za su ga tarihi, da benen farko na 1845 da hanyar da aka bi da bayi a tsibirin Gberefu. Ruwan Tarkwa Bay ya fi laushi saboda katangun duwatsun nan. Maldibs ƙasar Musulmi ce, Zanzibar ma galibi Musulmi ne, da bakin teku suke ci, sun dai gindaya wa baƙi ƙa'idar sutura a cikin gari. A Turkiyya akwai otal-otal na bakin teku da ba a sayar da giya, da wurin wanka na mata zalla. Musulmin Legas, Yarbawa da Hausawa, miliyoyi ne, kuma har yanzu ina mamakin yadda masu kuɗinmu suka bar wannan kasuwa a ƙasa.

Shi kuma yaron, kada ki ba shi jarin tukuna. Ya je ya yi aiki a ƙarƙashin wani mai rumfa daga damina har ya ƙetare Disamba, ya ga watan yunwa da watan ƙoshi da idonsa. Ya gano wa ake biyan haya, gidan sarautar da ke da filin ne ko kamfanin da ya karɓi wurin, kuma a rubuta masa a takarda, har da abin da zai faru da kuɗinsa in an tashi wurin. Ya tambaya ko za a tilasta masa sayar da giya ko a haɗa shi rumfa da mai sayarwa, tun kafin ya biya. Lissafinsa ya ɗora shi a kan ranakun ƙarshen mako da na bukukuwa kawai, ya cire kuɗin ƙanƙara da man janareta, ya kuma nemi wurin kwana a Ajah ko Jakande, domin zirga-zirga daga Agege kullum za ta cinye ribar. Kayan aikinsa su zama waɗanda za a iya ɗorawa a mota guda cikin awa ɗaya. Ya rubuta farashi a allo, kuma kada ya miƙa tsire sai ya ga kuɗin taransifa sun shiga asusunsa, ba a fuskar wayar mai saye ba. In ya dawo miki da littafin cinikin waɗannan watanni, ku zauna da Alhaji ku duba shi tare kafin ki cire ko sisi.